Daga Kumasi Zuwa Ankara da Tsohuwar Kyamara

Da wuya ka shiga tsohon gida a zango, ko a Kumasi ko a Ankara ko a Tamale, ka rasa akwatin ƙarfe guda a ƙarƙashin gado, wanda ba a buɗe shi sai da dalili. Galibi na mai gidan ne da ya riga mu gidan gaskiya. A ciki za ka tarar da takardar fili, da tsohon fasfo, da rasiɗan goro da suka yi ja, da agogon hannu da ya daɗe da tsayawa. Jefi-jefi kuma akan ci karo da kyamara, irin wadda ake ninkewa ta koma kamar ƙaramin littafi a sa a aljihun babbar riga. Yaranmu na yau, waɗanda ke ɗaukar hoto ɗari a wayar hannu kafin a tashi makaranta, in suka gan ta sai su ce rediyo ce.

Irin wannan kyamara ce wata Hajiya a unguwarmu ta Aboabo ta aiko mana da ita ta hannun jikanta, wanda ɗalibinmu ne. Ta mijinta ce, Allah ya ji ƙansa. Saƙon da ta haɗo shi da shi gajere ne: maɓallin ɗaukar hoto ya ƙi dannuwa tun da daɗewa, ita kuma tana so a gyara don jikan ya gaji wani abu na kakansa, tun da riguna da carbi sun tafi wurin manya. Me ya sa mu? Saboda a zango har gobe malamin makaranta shi ne mai karanta wasiƙa, shi ne mai cike fom, shi ne kuma wanda ake zaton ya san kan kowace na'ura.

Bari mu ɗan bayyana wa mai karatu yadda take. Sunanta Agfa Isolette, ƙirar birnin Munik na ƙasar Jamus, ta shekarun 1950. In ka danna wani ɗan maɓalli a samanta sai ƙofar gaba ta faɗo, wani baƙin abu mai lanƙwasa kamar zuga-zugin maƙeri ya miƙe, gilashin ido ya fito a bakinsa ya tsaya a kan ƙafafun ƙarfe biyu. Ba ta da batir, ba ta da waya, komai nata sifirin ne da haƙoran giya kamar agogo. Tana cin fim mai faɗi da ake kira 120, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi tun 1901, kuma har yanzu ana yin sa. Nadi ɗaya hoto 12 yake bayarwa, kowanne murabba'i, santimita 6 tsawo 6 faɗi. A bayanta akwai ɗan jan taga da ake leƙawa a ga lambar hoton da aka kai, domin fim ɗin yana naɗe ne tare da takarda mai lambobi.

Da muka zame marfin wannan taga sai muka ga lamba 8. Wato akwai fim a ciki, kuma an riga an ɗauki bakwai. Daga nan maganar ta tashi daga gyaran maɓalli. Duk wanda ya buɗe bayan kyamarar nan cikin haske, ko da na ƙiftawar ido ne, ya shafe abin da ke ciki har abada. Muka sa salatif muka liƙe makullin bayan, muka gargaɗi yaron da kakkausar murya.

Mun zaga Adum da Kejetia kwana biyu. Masu gyaran waya sun fi a ƙirga, kuma gwanaye ne a fanninsu, amma wannan ba layinsu ba ne. Wani saurayi, da kyakkyawar niyya, ya ɗauko gwangwanin man feshi irin na sakin tsatsa zai fesa mata, da ƙyar muka riƙe hannunsa. A ƙarshe wani mai gyaran agogo ne ya ce mu tafi Ankara, wajen Zongo Lane, mu nemi wani dattijo da ya yi aikin kyamarori tun yana saurayi. Da aka ba da hutu sai mu biyu, da wani abokin aikinmu mai koyar da kimiyya, muka kama hanya.

Mun tashi daga tashar Asafo da asuba. Tsakanin Kumasi da Ankara kilomita 250 ne ko kusa da haka, kuma wanda ya saba da hanyar ya san nisanta ba a kilomita yake ba, a yawan manyan motocin da ke gabanka yake. Muka wuce Ejisu, garin Yaa Asantewaa wadda ta ja ragamar yaƙi da Turawan Ingila a 1900, muka wuce Konongo, sa'an nan duwatsun Kwahu suka bayyana a hagu, hazo ya lulluɓe kansu. Titin yanzu yana kewaye Nkawkaw da Nsawam, don haka burodin Nsawam da iyayenmu ba sa dawowa gida sai da shi, sai dai ka saya ta taga in mota ta lafa. Kyamarar tana kan cinyarmu a naɗe cikin tawul, ba mu yarda ta shiga but ba. Azahar ta same mu a Circle, muka shiga trotro zuwa Tudu, sauran kuma muka taka da ƙafa.

Zongo Lane a yau kasuwa ce zalla: atamfa da leshi, zare da maɓallai, da rumfunan kayan lantarki inda za ka sami ɗan ƙaramin abin da rediyonka ya rasa. Amma sunan bai faɗo daga sama ba. Nan ne tsohon zangon Hausawan Ankara, kuma daga wannan yanki ne Malam Bako ya tashi da jama'arsa ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Har yanzu in ka yi sallama da Hausa a lungunan nan za a amsa maka daga rumfa uku. Da haka muka yi ta tambaya har aka kai mu wani ɗan shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, a ƙarƙashin matakalar wani bene. Dattijon yana zaune bayan teburi mai gilashi, agogai sun kai hamsin a rataye, kowanne da lokacinsa.

Muka gaisa, muka faɗi daga inda muke da wanda ya aiko mu. Ya karɓi kyamarar da hannu biyu, ya juya ta, ya ga salatif ɗin, ya leƙa jan tagar.

"Malam, wa ya liƙe wannan?"

"Mu ne, Baba."

"To, kun yi rabin aikin."

Abin da ya fara yi shi ne fid da fim. Ya juya wa ƙofa baya, ya riƙa murɗa abin naɗin a hankali, yana saurare da kunne ko takardar za ta yage, lambobi suna wucewa ta taga, 9, 10, 11, 12, har takarda ta ƙare. Sa'an nan ya buɗe, ya zaro nadin, ya ɗaure shi, ya naɗe shi cikin takardar gwangwani. A jikinsa an rubuta Verichrome Pan, fim ɗin Kodak baƙi da fari da ya fito a 1956. Baba ya ce in akwai fim ɗin da ke riƙe hoto shekara da shekaru ba a wanke ba, to wannan ne, amma kada mu yi wa Hajiya alkawari, don zafi da raɓa ba sa barin komai.

Sai ya koma kan maɓallin, kuma a nan ne muka zama ɗalibai. Ya nuna mana cewa maɓallin da ke saman kyamarar ba shi ne ke ɗaukar hoto ba. Ɗan aike ne kawai. Ainihin mai aikin yana can gaba, a cikin zoben da ke kewaye da gilashi: wasu siraran ganyayyakin ƙarfe da ke buɗewa su rufe, su bar haske ya shiga gwargwadon lokacin da aka zaɓa. Masu sana'ar suna ce masa shata. Na wannan kyamara an rubuta masa Prontor-S, aikin masana'antar Gauthier ta garin Calmbach, kuma yana iya buɗewa daga daƙiƙa ɗaya cur har zuwa kashi ɗaya cikin 300 na daƙiƙa. Kafin ya yi aiki sai an ɗana shi da wani ɗan hannu, kamar yadda ake ɗana tarko. Tsakanin maɓallin sama da shata kuwa akwai sanda da wani lanƙwasasshen ƙarfe da ke bin gefen ƙofa, su ne ke kai saƙo.

Saboda haka, in ji shi, in maɓalli ya ƙi, wuri uku ake tuhuma, kuma ba a kwance komai sai an san mai laifi. Ya ɗana shatan, ya sa tsinken tsintsiya ya taɓa ɗan harshen da ke jikinsa kai tsaye, ba ta maɓalli ba. Sai muka ji "ƙyas". Ganyayyakin sun buɗe sun rufe, da ɗan nawa, amma sun yi. Wato zuciyar tana da rai, matsalar tana kan hanya. Abokin tafiyarmu ya ce wannan darasi ne da zai kai aji: kafin ka zargi fitila, gwada makunni.

Ya kwance abin naɗin, ya cire ƴan sukurori ya jera su a murfin kwalba bi da bi yadda ya ciro su, ya ɗaga murfin saman. A ƙarƙashinsa akwai wata dabara da Jamusawa suka sa don kada mutum ya ɗauki hoto biyu a kan fim ɗaya: da zarar ka danna, sai wani ɗan ƙarfe ya zamo ya tokare maɓallin, ba zai janye ba sai ka murɗa fim zuwa lamba ta gaba. Abin da ke janye shi sifirin ne siriri kamar gashi. To, man da aka shafa a wurin tun a masana'anta ya bushe, ya haɗu da ƙurar hunturu, ya zama kamar ƙaro. Sifirin ya kasa ja, ƙarfen ya zauna a tokare. Shi ke nan ciwon. Ƙari a kan haka, wani ya taɓa danna maɓallin da ƙarfin tsiya har sandar da ke ƙarƙashinsa ta ɗan karkace. Baba bai tambayi ko wane ne ba, mu ma ba mu ce komai ba.

Maganin bai kai ciwon tsada ba. Man laita ne, ɗigo-ɗigo a kan auduga da aka naɗa a tsinke, ana gogawa ana canza auduga har ta daina fitowa da launi. Ya ce amfanin man laita shi ne yana narkar da tsohon maiko ya bushe bai bar komai ba, sai dai a nisanta shi da wuta, da gilashi, da kuma zuga-zugin. Game da man feshin da aka so a sa mata a Kumasi kuwa, sai da ya ajiye hantsakinsa kafin ya yi magana. Irin wannan mai, da man keken ɗinki, har da man gyaɗa da ya ce ya sha gani, suna sakin abu yau, amma sai su bi lungu su gangara kan ganyayyakin shata. Su kuwa an yi su ne su yi aiki a bushe. Da mai ya taɓa su sai su manne da juna, in aka matsa musu su goce daga mazauninsu, kuma a lokacin gyaran yini ɗaya ya zama na mako. Mai guda da ya yarda da shi shi ne na agogo, shi ma a bakin allura, a kan ƙusar da abu ke juyawa kawai.

Ya ce mu ba shi sa'a uku, zai buɗe gaban shatan ya wanke giyar da ke riƙe lokaci. Ba ya son a tsaya masa a ka. Muka bar shi muka gangara bakin teku.

Wanda ya zo Ankara bai taka Jamestown ba ya ga sabon gari ne kurum. Daga High Street za ka fara da Ussher Fort, wanda mutanen Holan suka gina a 1649, sa'an nan James Fort na Ingilishi, na 1673. Dukansu sun ga cinikin bayi, dukansu kuma sun zama kurkuku daga baya. A James Fort aka tsare Kwame Nkrumah a 1950, daga nan ya fito a 1951 bayan jam'iyyarsa ta ci zaɓe, kuma ba a daina tsare mutane a ciki ba sai 2008. Gaba kaɗan ga hasumiyar fitilar jiragen ruwa mai ja da fari, ta shekarun 1930. A ƙasanta kwale-kwalen masunta ne jere, ga sabuwar tashar kifi da aka buɗe a 2024. Kafin a buɗe tashar Tema a 1962, manyan jirage a can cikin teku suke tsayawa, ƙananan jirage masu filafili su yi ta jigilar kaya zuwa gaɓa. Muka tsaya muna lissafi cewa mai yiwuwa ta wannan gaɓa kyamarar Hajiya ta shigo ƙasar nan, a kan wani ɗan dako. Muka ci dokunu da soyayyen kifi a tsaye, barkonon ya sa mu hawaye.

Abin da ya fi jan hankalinmu a unguwar shi ne tarihinta na hoto. A nan J. K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe gidan hotonsa mai suna Deo Gratias a 1922, wanda ya cika shekara 100 a 2022 yana hannun zuriyarsa. A nan James Barnor, haifaffen 1929, ya kafa nasa mai suna Ever Young a farkon shekarun 1950, ya yi wa jaridar Daily Graphic aiki, ya tafi Ingila a 1959, ya dawo bayan kimanin shekara goma ya kafa wurin wanke hoto mai launi na farko a ƙasar nan, da kayan kamfanin Agfa, wato masu kyamarar da muka baro a kan teburin Baba. A 2021 an baje hotunansa a Landan, duniya ta zo kallo. A nan kuma Felicia Abban ta yi nata gidan hoton, ita ce ake ɗauka mace ta farko da ta riƙi wannan sana'a a Gana, ta rasu a 2024.

Ba gwanintar ɗauka kaɗai ta sa ake maganar waɗannan mutane a yau ba. Sun adana dodon hotunansu, wato fim ɗin da aka wanke wanda daga shi ake buga hoto. Mu kuwa a zango, kowa ya san yadda muke yi. A karɓo hoto daga mai hoto, a sa a firam ko a liƙa a bango, dodon kuma a ba yara su riƙa kallon rana da shi. In ruwa ya ci hoton bangon, shi ke nan an rasa fuskar mutum. Muna da gidajen da za su lissafa maka kakanni bakwai da baki, tun daga Kano ko Katsina har Salaga har Kumasi, amma ba za su iya nuna maka fuskar na biyu ba. A ganinmu wannan sakaci ne, ba talauci ba, domin ambulan ɗin takarda da wuri mai iska ba su fi ƙarfin kowa ba. Leda ce ma ba a so, don tana riƙe raɓa.

Da la'asar muka koma. Murfin yana wurinsa, babu sukurun da ya yi saura a murfin kwalba. Baba ya miƙo mana ita ya ce mu ɗana mu danna. Maɓallin ya sauka lumus ya dawo da kansa. Muka sake dannawa, ya ƙi. Muka dube shi, ya yi dariya ya ce mu murɗa abin naɗin, ai yanzu ne tokaren yake aikinsa na gaskiya. Ya sa shatan a daƙiƙa ɗaya, muka ji giyar tana ƙugi siriri kamar ƙwaro kafin ta rufe. Abokinmu ya auna da agogon wayarsa ya ce ta ɗan zarce daƙiƙa. Baba ya ce shi ma a shekarunta ya fi haka nawa.

Amma bai ɓoye mana sauran ba. Ya kai mu lungun matakala inda duhu yake, ya buɗe bayan kyamarar ya zura tocila cikin zuga-zugin, sai ga ƙananan taurari sun fito a kusurwoyinsa, mun ƙirga shida. Kowane ɗaya ƙofa ce da haske zai bi ya ɓata fim. Ya toshe su da baƙin fenti mai laushi, ya ce a bar ta a buɗe kwana biyu ta bushe, kuma wannan lallaɓawa ce, maganin gaske sai sabon zuga-zugi. Zoben daidaita nisa kuma ya daskare, don man da Agfa ta sa a wurin yakan koma kore ya taurare kamar siminti, ciwo ne da duk mai gyara ya san wannan ƙira da shi. Sakinsa sai an cire gilashin an jiƙa kwanaki. Ya duba inda ya tsaya ya ce wajen mita uku ne, daidai hoton mutane a tsaye, don haka a bar shi haka tukuna. Ya kuma ja kunnenmu kan ɗan hannun nan mai jan ɗigo, wanda ke jinkirta ɗauka don mai kyamara ya ruga ya shiga hoto: kada yaron ya taɓa shi, domin in ya maƙale a tsakiya ya kulle shatan gaba ɗaya. Da muka tambaye shi wa yake koya wa aikin, sai ya nuna mana kujerar da ke gefensa, an ɗora mata kwalin agogai.

Fim ɗin kuwa shi ya haɗa mu da wani matashi da ke wanke irinsa a gida, muka bar masa. Bayan mako uku saƙo ya iso Kumasi. Huɗu daga cikin bakwai sun tafi, toka ce kawai. Uku sun fito dishi-dishi, har lambobin takardar bayan fim ɗin sun bugu a sararin samaniyar hoton, saboda daɗewar da suka yi manne da juna. Na farko wata mata ce a bakin ƙofa da yaro a goye. Biyun kuwa babbar mota ce mai bodin katako, an yi mata lodi har sama, katifu da tukwane da keken ɗinki, mutane a kan kayan, wasu a ƙasa suna miƙa hannu. A can baya ana ganin wata mota tana tafiya ta hannun hagu, abin da ya nuna mana an ɗauka kafin 4 ga Agusta 1974, ranar da ƙasar nan ta koma tuƙi ta dama.

Muka kai wa Hajiya da kanmu. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo. Ta ce matar ita ce, goyon kuma uban ɗalibinmu ne. Motar kuwa ba ta bukaci lissafinmu ba. Ta ce wannan Disambar 1969 ce, bayan gwamnatin Busia ta ba da dokar nan ta ranar 18 ga Nuwamba, wadda ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Mijinta ya sami takarda, ƙanensa bai samu ba. Ta sa yatsa a kan wani mai hula a saman kaya, fuskarsa ba ta fi ƙwayar masara ba, ta ce shi ne, Sakkwato suka nufa, wasiƙa biyu ya aiko daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Mai gidan ya so ya ɗauke shi shi kaɗai kafin mota ta tashi, maɓallin ya ƙi, ya danna ya danna har direba ya ja. Da ya dawo gida ya sa ta a akwati.

Ta ce a buga mata wannan babba, kwafi biyu, ɗaya za ta ba wani mai zuwa Sakkwato bayan salla ya zaga da shi Unguwar da aka ce sun sauka. Dodon hotunan yana cikin ambulan a wurin ɗanta. Kyamarar kuma tana hannun jikan, mun sa masa sabon fim, ya zuwa rubuta wannan ya kai lamba 5.